Masu kukan an yi wa Vinicius fashi, ku je ku tambayi Guardiola

Tun daren Talata 17 ga Disamban 2024 da FIFA ta miƙa wa Vinicius Junior na Real Madrid kyautarta ta gwarzon 2024 a Doha, rigimar da ta fara lafawa ta sake tashi sabuwa fil. A Facebook, a zaurukan WhatsApp, a teburin mai shayi, magana ɗaya ake ta juyawa: wai yanzu gaskiya ta yi halinta, an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma hakan ya tabbatar da cewa Ballon d'Or ɗin nan, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya da aka ba Rodri, ɗan wasan tsakiya na Manchester City da Sifaniya, ranar 28 ga Oktoba a Paris, fashi ne da tsakar rana. Har da masu tambaya da iya gaskiyarsu: "Wai shi Rodrin nan, me ma yake yi a fili?"

Wannan tambayar ce ta hana ni yin shiru. Mutum ya biya kuɗinsa ya shiga gidan kallo duk ƙarshen mako, ya sha zafi da hayaƙin janareto shekara da shekaru, sannan ya buɗe baki ya ce bai san aikin da Rodri yake yi ba. To me ya je kallo?

A fara da Real Madrid, domin daga can ɓarnar ta faro. Da suka ji ƙishin-ƙishin cewa ba ɗansu za a ba, sai suka fasa tafiya Paris gaba ɗayansu, daga shugaba Florentino Perez har ɗan wasa na ƙarshe. A wannan daren an zaɓi Madrid ƙungiyar shekara, an zaɓi Carlo Ancelotti kocin shekara, ɗan wasansu Kylian Mbappe ya raba kyautar yawan cin ƙwallo da Harry Kane, amma babu ko mutum ɗaya da ya tashi ya karɓa. Hujjarsu ita ce ba a mutunta su ba, kuma in ma ba Vinicius ba, ai sai a ba Dani Carvajal. Wato dai kyautar tana da daraja ne kawai idan za ta kwana a Bernabeu. Makonni bakwai bayan haka sai ga su a Doha an cika kujerun gaba ana murmushi, tunda wannan karon sunan ɗan gida za a kira. A unguwarmu yaron da ke ɗauke ƙwallonsa ya tafi gida don an ci su, ba a kiran abin da ya yi kishin ƙungiya.

Laifi tudu ne. A 2018 Luka Modric ya karɓi wannan kyauta, ɗan wasan tsakiya da ƙwallayen da ya ci a kakar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ya doke Cristiano Ronaldo da ya zura 15 a Gasar Zakarun Turai kaɗai. A lokacin 'yan Madrid ne suka riƙa yi mana wa'azi cewa tamaula ta wuce ƙirga ƙwallaye, a dubi yadda Modric ke juya wasa, a dubi yadda ya ja Kuroshiya har wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Kuma gaskiya suka faɗa. A 2006 Fabio Cannavaro, mai tsaron baya, ya ɗauke ta saboda abin da ya yi wa Italiya a Jamus, ya kuma ɗaga ta yana sanye da farar rigar Madrid. Ba mu ji an ce fashi ba. Yau da ma'aunin nan ya faɗa kan ɗan Manchester City, sai ya zama maƙarƙashiyar UEFA.

Ita kuwa ƙuri'ar ba a ɓoye take ba. 'Yan jarida ne daga ƙasashe 100 na saman jadawalin FIFA, har da Najeriya, kowa ya jera 'yan wasa goma. 99 suka kaɗa. Rodri ya samu maki 1,170, Vinicius 1,129, tazarar 41. Jude Bellingham ya zo na uku, Carvajal na huɗu, Toni Kroos na tara. Duk wanda ya taɓa ganin zaɓen fid da gwani ya san abin da ke faruwa idan gida ɗaya ya tsayar da 'yan takara huɗu. Alƙalan da kansu ba su daidaita kan wane ne ginshiƙin Madrid a waccan kakar ba, wasu sun ce Bellingham ne ya riƙe su a farko, wasu sun ce Vinicius ne ya ƙarasa aikin. A kan City da Sifaniya kuwa babu wanda ya yi jayayya.

Ban raina Vinicius ba. Ya ci 24 a kakar, uku a ragar Barcelona a Riyadh, biyu a gidan Bayern Munich, ɗaya a wasan ƙarshe da Dortmund a Wembley. Amma shekarar ta ƙunshi gasar ƙasashe, kuma a Copa America Brazil ta tsaya a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, Uruguay ta fitar da ita a bugun fenariti, shi kuwa yana zaune a cikin 'yan kallo saboda katin gargaɗi biyu da ya jawo wa kansa. A daidai wannan lokacin Sifaniya ta buga wasa bakwai a gasar Turai ta ci bakwai, ta bi ta kan Kuroshiya da Italiya da Jamus mai masaukin baƙi da Faransa da Ingila, aka kuma zaɓi Rodri gwarzon gasar. A wasansu da Jojiya, lokacin da aka fara zura musu ƙwallo matasan Sifaniya suka ruɗe suna ta sauri, shi ne ya taka ƙwallo ya ɗaga hannu yana ce musu a kwantar da hankali, shi ne kuma ya farke kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka tashi 4 da 1. Masu cewa ai Madrid ta fitar da City a watan Afrilu su tuna an tashi 3 da 3 a Madrid, kunnen doki 1 da 1 a Manchester, kuma hannun gola Andriy Lunin ne ya raba gardamar a fenariti.

Akwai masu cewa launin fata ne. Wariyar da ake nuna wa Vinicius a filayen Sifaniya gaskiya ce, abin kunya ce, har kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas a watan Yunin 2024 kan abin da suka yi masa a Mestalla. Amma ɗaukar wannan babban zalunci a ɗora kan ƙuri'ar da 'yan jaridar Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suka kaɗa, rage masa nauyi ne kawai. George Weah, ɗan Laberiya da ya ci kyautar a 1995, shi ya miƙa wa Rodri ita da hannunsa.

Yanzu ga amsar masu tambayar abin da yake yi.

A wasa na gaba da za ka kalla, ɗan'uwa, ka cire idonka daga kan ƙwallo na minti biyar, ka ɗora shi kan mai lamba shida, wato mai tare tsakiya a gaban masu tsaron baya. In irin Rodri ne, za ka ga kafin ƙwallo ta iso gare shi ya waiga hagu ya waiga dama, ya riga ya san inda abokin hamayya yake da inda nasa suke. Ba ya karɓarta yana fuskantar ragarsu, a karkace yake tsayawa, yadda taɓawa ɗaya za ta juya shi gaba. Idan mutum biyu suka taso masa, ba ya gudu da ita, jira yake su matso sosai, sai ya zura ta ta tsakaninsu, su biyun sun fita daga wasa ke nan. Idan City na kai hari mutum bakwai ko takwas sun cika gidan abokan karawa, shi yana tsaye 'yan taku kaɗan bayan da'irar gola, a daidai wurin da ƙwallon da aka buge za ta faɗo. Ta faɗo, ya tare da ƙirji ko ka, ya mayar da ita ciki, harin ya sake sabo. Haka ake yi wa ƙungiya har ta gaji ta buɗe ƙofa. Idan kuwa ta kuɓuce an taso da gudu, shi ne zai sha gaban mai ƙwallon, ya rage masa sauri, in ta kama ya ɗan ja riga a tsakiyar fili tun kafin abin ya zama bala'i. Wannan ja da rigar ma da 'yan adawa ke zaginsa a kai, kowane koci a duniya yana neman mai yi masa ita a kan lokaci.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga bidiyon daƙiƙa 30 da ake turawa a waya. Matsalar ke nan. Mun daina kallon wasa, mun koma kallon gutsattsarinsa. Shiga gidan kallo ranar Asabar ka gani: talabijin uku a jere, wasa uku lokaci guda, rabin mutanen benci kansu a sunkuye kan waya, wasu suna duba takardar caca ko wasan da suka saka ya shigo, ba a ɗago kai sai an ji ihu. Wanda ke kallo a haka, Vinicius kawai zai gani, domin shi ne mai yanka, shi ne mai gudu, shi ne mai rawa a kusurwar fili. Rodri kuwa sai ka ce taransfomar unguwa: babu mai tuna tana nan sai daren da ta buga.

Kuma ta buga. Ranar 22 ga Satumban 2024, a wasa da Arsenal, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, aka yi masa tiyata, aka ce kakar ta ƙare masa. City ta ɗan lallaɓa wata guda tana cin ƙananan ƙungiyoyi da ƙyar. Daga 30 ga Oktoba, kwana biyu bayan ya hau dandamalin Paris da sandunan guragu, sai gini ya rufta. Tottenham ta fitar da su a ƙaramin kofi, Bournemouth ta doke su, Sporting ta zura musu 4 a Lisbon, Brighton ta doke su, Tottenham ta dawo har gida ta ba su 4 da nema. Rashin nasara biyar a jere, abin da bai taɓa samun kocinsu Pep Guardiola ba tun da ya fara aikin koci. Suna cin Feyenoord 3 da nema saura kwata a tashi aka farke duka ukun, Guardiola ya fito gaban 'yan jarida da yaƙushi a fuska. Liverpool ta ci su, Juventus ta ci su, Manchester United da ita kanta ke rarrafe ta zo Etihad ta zura biyu a mintunan ƙarshe, Aston Villa ta ƙara. Wasa 12, nasara ɗaya, rashin nasara tara. Haaland yana nan, Bernardo Silva yana nan, Foden yana nan, kocin bai sauya ba. Na san za a ce akwai wasu masu rauni kuma 'yan wasan sun tsufa. Tsufan bai hana su cin Firimiya a watan Mayun 2024 ba.

Ba yau aka fara ganin alamar ba. A kakar 2023/24 sau uku kacal aka doke City a Firimiya: Wolves, Arsenal, Aston Villa. Duka ukun Rodri yana cikin dakatarwa. Ya jera wasa 74 da rigar City ba a doke su a cikin lokacin wasa ba, sai a wasan ƙarshe na Kofin FA a watan Mayun 2024. Masu son lissafin ƙwallaye ma ga nasu: mai lamba shida ne, amma ya ci 8 ya bayar aka ci 9 a wannan kakar ta Firimiya, har da wadda ta rufe bakin West Ham a ranar ƙarshe, City ta zama ƙungiyar farko a tarihin Ingila da ta ɗauki kofin sau huɗu a jere. Ko a 2022, ranar da Villa ta sa su a gaba da 2 da nema kofi na shirin tafiya Liverpool, shi ya zura ta farkewar daga wajen da'ira.

Shi kansa Guardiola ya taɓa gwada yin dabara ba da shi ba. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2021 a Porto ya ajiye Rodri a benci, ya ajiye Fernandinho, ya shiga fili babu mai tare tsakiya. Fasin ɗaya Mason Mount ya zura ta wannan ramin, Kai Havertz ya ci, Chelsea ta tafi da kofi. Shekara biyu bayan haka a Santambul, De Bruyne ya fita da rauni, Inter ta toshe Haaland, a minti na 68 ƙwallo ta gangaro baya, Rodri ya sa cikin ƙafa ya lanƙwasa ta ta gefen masu tsaron baya biyu ta wuce Andre Onana. Kofin Zakarun Turai na farko a tarihin City ke nan, kuma kofi na uku da suka ɗauka a wannan kakar. A waccan shekarar na biyar aka ba shi a Ballon d'Or. Ya je bikin, ya zauna, ya tafa wa Messi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan Madrid ne ke raina wannan gurbi, su da suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. A 2003 Perez ɗin nan dai ya sayar da Claude Makelele ga Chelsea, yana cewa ba za a yi kewarsa ba, wai yawancin fasin ɗinsa baya ko gefe yake yi. Da Zidane da Ronaldo da Figo da Beckham da Raul a fili, Madrid ba ta sake ganin kofin La Liga ba sai 2007. Kofunan Zakarun Turai uku da suka jera daga 2016 zuwa 2018, cire Casemiro ka ga ko za su jeru. A 2024 ma Kroos ya yi ritaya, aka kawo Mbappe aka ce an gama da kowa, sai ga Barcelona ta zo Bernabeu ta zazzaga musu 4 da nema, kwana biyu kacal kafin bikin da suka ƙaurace wa. Mai ɗaki ya kamata ya fi kowa sanin inda yake masa yoyo.

Tarihin yaron kansa ya isa ya sa mai hankali ya yi tunani. An haifi Rodrigo Hernandez Cascante a Madrid ranar 22 ga Yunin 1996. Ya shiga makarantar horon Atletico Madrid a 2007, a 2013 suka sallame shi, dalilin da aka riƙa bayarwa shi ne ba shi da jiki. Mutumin da yau ya kai kusan mita 1.9, wanda 'yan wasan Firimiya ke karo da shi su faɗi. Villarreal ta ɗauke shi, ya fara buga wa babbar ƙungiyar a Disamban 2015. Yana buga La Liga, yana karawa da Messi da Ronaldo a ƙarshen mako, amma a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a a Castellon yake kwana, yana karatun harkokin kasuwanci, yana jan wata tsohuwar Opel Corsa da ya saya na hannu. A 2018 Atletico ɗin da ta kore shi kyauta ta biya kusan Yuro miliyan 20 ta dawo da shi. Kaka ɗaya ya yi a hannun Diego Simeone, inda ya koyi kokawar tsakiya, City ta ajiye Yuro miliyan 70 a 2019 ta ɗauke shi, mafi tsada a tarihinta a lokacin. Kakarsa ta farko a Ingila ma ba ta yi armashi ba, an sha kama shi a inda bai kamata ba, Liverpool ta tsere da kofi. A tawagar ƙasa kuwa shekaru ya yi yana jiran Sergio Busquets ya tashi daga kujerar, har a Kofin Duniya na Katar a 2022 Luis Enrique ya mayar da shi mai tsaron baya, ya buga bai ce uffan ba.

Ba shi da shafi a Instagram ko X, kuma har yau yana cusa rigarsa cikin wando kamar ɗan firamare ranar Litinin. Na tabbata wannan na cikin laifinsa a wurin matasanmu. Kyautar FIFA da ake ta tutiya da ita, kashi ɗaya cikin huɗu na makinta daga ƙuri'ar magoya baya a intanet yake fitowa. Ka haɗa mai mabiya miliyoyi da wanda ko shafi ba shi da shi a irin wannan zaɓe, sannan ka zo kana ce mini sakamakon ya tabbatar da wani abu. Duk da haka 48 da 43 aka tashi. Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Waƙar Jibraltar da suka rera shi da Alvaro Morata a bikin kofin Turai wauta ce, kuma UEFA ta dakatar da kowannensu wasa ɗaya. Amma ba a kan wannan ake zaginsa a majalisunmu ba.

Akwai kuma tsohon bashi. Sifaniya ta ci kofin Turai a 2008, na Duniya a 2010, na Turai kuma a 2012, da tsakiyar da duniya ba ta taɓa ganin irinta ba, amma ko ɗaya daga Xavi da Iniesta da Busquets da Xabi Alonso bai taɓa riƙe wannan kyauta ba. Iniesta ya ci ƙwallon da ta ba su Kofin Duniya ya zo na biyu, Xavi na uku. Sai a 2018 mujallar France Football, mai kyautar, ta fito ta nemi afuwar Iniesta a rubuce. Rabon da namiji haifaffen Sifaniya ya karɓe ta tun Luis Suarez na Barcelona a 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yancin kai. Rodri ya ambaci sunayen wasu daga cikin waɗannan magabatan a jawabinsa. Ba ina cewa a biya bashin Iniesta da haƙƙin Vinicius ba ne, bai ma buƙaci hakan ba. Ina cewa mutanen da suka shekara goma suna kukan an zalunci Xavi da Iniesta saboda ba sa cin ƙwallo, da yawansu su ne yau ke tambayar ƙwallo nawa Rodri ya ci.

Mu nan ma ciwon bai bar mu ba. Har gobe za ka ji ana cewa Mourinho ne ya kashe John Mikel Obi, don ya ɗauke shi daga lamba goma, inda ya zo na biyu bayan Messi a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, ya mayar da shi mai tare tsakiya. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya a Chelsea, ya buga minti 120 a wasan ƙarshen da suka ci Bayern a gidanta a 2012, ya ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a 2013, wai shi ne aka kashe. Wilfred Ndidi ya yi shekaru yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwace ƙwallo a Firimiya, amma ka nemi rigarsa a jikin yaro a Sabon Gari ko Kantin Kwari ka gani. Je filin unguwa da la'asar: kowane yaro bakwai yake so, ko tara, ko goma. Wanda bai iya yanka ba shi ake turawa baya. Yaron da ke karɓa ya bayar da taɓawa biyu, 'yan kallo a bakin layi ce masa ake yi matsoraci, kocin unguwa ma ihu yake masa ya ja ta. Shi ya sa muke fitar da 'yan gaba har mu rasa inda za mu sa su, Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Ademola Lookman ya gaje shi a Marrakesh kwana ɗaya kafin bikin Doha, amma Super Eagles ta buga wasanninta huɗu na farko na neman gurbin Kofin Duniya na 2026 ba ta ci ko ɗaya ba, har da canjaras da Lesotho a gida. Ƙwallo ba ta tashi sama ta je wa ɗan gaba da kanta.

Gyaran ba ya buƙatar taro. Masu sharhi a gidajen rediyonmu su rage karanto mana wa ya ci a minti na nawa, su riƙa faɗa wa mai sauraro dalilin da ya sa aka ci. Masu horar da yara su daina auna yaro da ƙirji da tsawo, kada su maimaita abin da Atletico ta yi ta biya miliyoyi. Su kuma masu shirya Ballon d'Or, ƙungiyar da ta ƙi zuwa don ba a ba ɗanta ba, a riƙe kyaututtukanta na wannan daren, a ba ta biyu.

In ma ƙauracewa ake so, akwai abin da ya cancanta. Ranar 17 ga Satumba, kwana biyar kafin gwiwarsa ta tsinke, Rodri ya faɗa wa 'yan jarida cewa 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni, ya ce tsakanin 40 zuwa 50 ne ɗan wasa zai iya bugawa a kaka da cikakken ƙarfinsa. Shi ya haura 60 a kakar 2023/24. Ranar da ya ji rauni, golan Barcelona Marc-Andre ter Stegen ma gwiwarsa ta tafi. Makonni biyu bayan haka Carvajal, wanda Madrid ke cewa a ba kyautar, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana kuka, a watan Nuwamba Eder Militao ya bi shi, karo na biyu cikin wata 15. UEFA ta ƙara wasannin Zakarun Turai, ita kuma FIFA ɗin da ake yi wa kirari yau ta ƙirƙiro gasar ƙungiyoyi 32 da aka yi a Amurka daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yulin 2025, a daidai lokacin hutun 'yan wasa. A watan Yunin 2024 an ruwaito Ancelotti yana cewa Madrid ba za ta je wannan gasa ba. Kafin rana ta faɗi ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa za ta je, shi ma ya ce ba a fahimce shi ba ne. Akwai kuɗi a can.